Rigar Ruwan Baba

Na daɗe ina koyar da zane a makarantar sakandare, amma har yau duk zangon da muka iso darasin launuka sai in ji gabana yana faɗuwa. Yara suna cewa malamar nan masifa gare ta in an zo kan fenti, kuma ba su yi mini ƙarya ba, masifata ba yau ta fara ba. Abin da ba su sani ba shi ne da ilimin launin nan na cuci mahaifiyata. Kuma ido biyu na yi, ba cikin rashin sani ba.

A Jushi muka tashi, cikin Sabon Gari, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Ni ce auta. Babanmu dattijo ne a majami'armu, ranar Lahadi mutane har rusuna masa suke yi, amma daga Litinin zuwa Asabar lebura ne a wani kamfani a Chikaji. A filin lodi yake aiki, inda manyan motoci ke ja da baya, shi ya sa da aka raba wa ma'aikata rigar ruwa kowa ya sami baƙa, shi aka ba shi ruwan ɗorawa don direbobi su riƙa hango shi. Riga ce ta roba mai hula, har gwiwa, launinta kuwa kamar ya tsone wa mutum ido.

Da damina, in hadari ya haɗo daidai lokacin tashi daga aiki, Mama ba ta iya zama. Akwai wani kwalbati a hanyarsu da ke cika ya tumbatsa, ya taɓa tafiya da wani mutum har da kekensa. Sai ta yafa buhu a ka ta fita ƙofar gida ta tsaya, ni kuma in bi ta in riƙe bakin zaninta. Kekunan ma'aikata su yi ta wucewa cikin ruwa, duk baƙaƙen riguna, ba ka gane kowa. Can sai ka ga wani abu ya yi wal daga kwanar mai injin niƙa. Mama ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ya dawo," ta juya ta je ta ɗora ruwan zafi. Ba ta ma jiran ya ƙaraso.

Ina aji biyar na firamare Baba ya rasu. Hotunansa da na aurensu suna cikin wani akwatin katako, gara ta shiga ta yi musu kaca-kaca. Abin da ya tsira shi ne katin shaidarsa na kamfani, da ɗan hoto baƙi da fari wanda bai fi babban yatsa ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, sashen zane-zane, idon Mama ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Likita bai ɓoye mana ba, a gabana ya ce wannan ba ya warkewa, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi. Gani zai riƙa tsukewa daga gefe, abubuwa masu duhu su haɗe su zama abu ɗaya, sai mai haske sosai ne zai ɗan jima. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar ta yayyaga wani tsohon ɗankwali ruwan ɗorawa ta bi gida tana ɗaurawa: hannun ƙofa, wuyan buta, kofin shan ruwanta, har Littafi Mai Tsarki ta yi masa ɗamara. Na ce, "Mama, biki za a yi ne ba a gaya mini ba?" Ta yi dariya ta ce shi kaɗai ne launin da bai guje ta ba.

A ranar ce ta kira ni ɗaki. Ta ciro katin Baba daga cikin Littafin ta miƙo mini.

"Auta, zauna. Hoton babanki ba na ganinsa kuma. In na kawo shi kusa da ido, tabo kawai nake gani. Tunda zane kike karantawa, ki zana mini shi babba, kamar faɗin tagar nan, tun da sauran ganina."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Mama."

"Ki sa masa rigar ruwansa."

Na fashe da dariya. "Haba Mama! Dattijon ikilisiya guda, a rataye shi a falo cikin rigar roba kamar mai yashe kwata? Baƙi su shigo su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ita nake so, kuma ita ce zan iya gani."

Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado, ta ɗaure bakinta tamau. Rigar ce a ciki, duk shekarun nan tana ajiye. Ta ce in tafi da ita don in dace da launin, kada in yi mata wani ruwan ƙwai ko ruwan goro in ce shi ne. Na karɓa na ce to. Na isa Samaru na tura ledar ƙarƙashin gadona a hostal, ko kwance ta ban yi ba.

A wancan zangon kaina ya kumbura da karatu, ba ni da magana sai ta launi. Muna da wani malami, siriri mai furfura, in yana bayani har rufe ido yake yi. Shi ya koya mana cewa launi yana riga siffa isa zuciya, kafin ka gane abin da aka zana jikinka ya riga ya amsa. Ya taɓa shafe kwali guda da ja wur ya jingina a gaban aji ya fita. Kafin ya dawo an fara musu, har wasu biyu sun kusa dambe a kan kujera, ya shigo yana murmushi ya ce to kun gani. Shuɗi kuwa ya ce launin nisa ne, launin kewa, shi ke sa mai kallo ya rage murya ba tare da an ce ya yi shiru ba. Da aka zo kan ruwan ɗorawa ya ce a yi hattara da shi, ba shi da kunya, in ya shiga zane sai ya danne kowa. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ganin laifinsa ba. Bai dai san Mama ba, ni kuwa na san ta.

Aka ce kowa ya kawo babban aikinsa na kammalawa. Na ce shi ke nan, bari in haɗa da na Mama, in zana Baba, taken aikina kewa. Na ɗaura kanbas a katako, na fitar da fuskar daga ɗan katin nan, ta fito sak, har ɗan karkacewar leɓensa. Saura riga.

Na so in ce koyarwar malam ce ta rinjaye ni. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka, amma ƙarya ce. A situdiyonmu akwai 'ya'yan manyan malamai da suka tashi a gidajen jami'a, masu zuwa da mota, Hausa rabi Turanci rabi. Ba wanda ya san ubana lebura ne, kuma ban yi niyyar a sani ba. Wata rana da azahar na matso ruwan ɗorawa a kan faranti, na ja layi ɗaya a kafaɗar Baba don in gani. Wata 'yar ajinmu tana wucewa ta tsaya ta ce, "Ke kuma fa? Tallan man gyaɗa za ki yi mana?" Aka yi dariya. Na ce gwaji ne kawai, na sa tsumma na goge.

Na sa wa Baba babbar riga shuɗiya mai duhu, irin wadda bai taɓa mallaka ba a duniya. Bayansa shuɗi, inuwar fuskarsa shuɗi, komai ya nutse kamar an tsoma shi a marina. Kuma ya yi kyau, wannan ne abin takaicin. Duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya yi tsit.

Kafin ruwan farko ya sauka na gama, amma ban kai gida ba. Na ce sai an yi baje koli, sai mai duba jarrabawa daga waje ya zo ya gani. Duk Asabar in na je Jushi Mama ta tambaya, "Auta, ya aikin?" in ce saura kaɗan. Ina kallonta tana lalube kafin ta kama kofi, ina kallon ƙyallen da take ɗaurawa yana ƙara faɗi, in sake cewa saura kaɗan. Damina guda ta wuce a haka.

Ranar baje koli malam ya tara mutane a gaban zanena yana cewa su dubi yadda shuɗi ke kuka ba hawaye. Ni na fi kowa maki. Wani baƙo ya tambaye ni ko mahaifina babban malami ne, na ce dattijo ne a majami'a, ban ambaci kamfani ba.

Sai bayan nan na naɗe shi da zani na shiga bas daga Samaru. Tun daga tasha har Kwangila ina faɗa da kwandasta a kan kada a jingina mini buhu a jikinsa. Na shiga gida ina ji da kaina. Maƙwabciyarmu Hajiya tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ita da Mama sun fi shekara ashirin ƙofa da ƙofa, tuwon Sallah ya shigo mana, shinkafar Kirsimeti ta shiga musu. Mama ta ce a ajiye zanen a cikin rana. Na jingina shi a bango na yaye zanin, na koma gefe ina jiran yabo.

Ta matso. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, kamar mai leƙen ramin ƙofa. Ta ja baya, ta sake matsowa har hancinta ya kusa taɓa fentin.

"Ina yake?"

"Ga shi nan a gabanki, Mama."

"Duhu nake gani, auta. Ina rigar?"

Maimakon in ji kunya sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata ba ta gane ba ne, zane ba hoton mai kyamara ba ne, kowane launi da abin da yake faɗa. Shuɗi natsuwa ne, daraja ce, baƙin cikin rashi ne. Na ce manyan malamai sun tsaya sun yaba, ni na fi kowa maki, amma na kawo gida ko sannu ba a ce mini ba sai ina riga, ina riga. Allah ya sani, har da buga ƙafa. Hajiya ta daina tsintar ta zuba mini ido.

Mama ta bari na gama tas. Sannan ta ce, "Ni ban ce ki zana mini baƙin ciki ba, ina da shi. Babanki na ce." Ta ƙara da cewa, "Amma sannu da aiki. Allah ya yi albarka. Rataya shi a falo."

Na rataya ina kumbure-kumbure. A raina na ce in na huce zan yi mata wani, ai fenti bai ƙare a kasuwa ba. Sai takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ni can kudu, na tattara na tafi. Shekara guda muna waya duk Lahadi. In na ce ya idon, ta ce da godiya. Ba ta ƙara ta da maganar zane ba, ni ma na ji daɗin da ba ta tayar ba.

Ranar da na dawo Mama ba ta nan, ta tafi taron zumuntar mata. Hajiya ce ta ba ni makulli ta biyo ni da sannu da zuwa. Ina buɗe falo idona ya faɗa kan zanen. An yanko ledar shago ruwan ɗorawa, an yi mata siffar riga har da hannuwa, an ɗinke ta a ƙirjin Baba da allura da zare. Allurar ta huda kanbas ɗin ta fi sau ashirin.

Na yar da jaka na yi kansa. "Wane marar hankali ne ya yi mini wannan ɓarnar?" Na fizge ledar, zaren ya tsinke, har fentin ya ɓanɓaro.

"Ni ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Ni na ɗinka. In zagi ne ga ni, ki zage ni."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta shigo ta zauna a hannun kujera ta ce in tsaya in ji. Bayan tafiyata, kullum in la'asar ta yi sanyi, wajen lokacin da ma'aikata ke tashi, Mama takan jawo kujera gaban zanen ta zauna ta yi ta nema. Wani lokaci ta miƙe ta shafa da hannu ko za ta dace da fuskar. Rannan ta kawo leda da almakashi ta ce, Hajiya, don Allah ki taimake ni ki sa masa riga. Hajiya ta ce ta ji tsoro, ta san halina, amma ta kasa cewa a'a.

"Da na gama ta ja baya ta duba. Ta ce, ya dawo. 'Yar nan, na yi kuka ranar. Wata uku ko huɗu ta yi tana ganin ledar nan, kullum sai ta zauna. To tun kafin Ista ko ita ba ta gani. Babu sauran komai. Ita ta hana a gaya miki, wai kada hankalinki ya tashi a baƙon wuri."

Ina tsaye da ledar a hannu na ji sallama. Wata mata daga majami'a ce ta shigo riƙe da hannun Mama, tana ce mata ga dakali, ɗaga ƙafa. Mama ta ji muryata ta washe baki tana "Oyoyo auta," amma fuskarta ba ni take fuskanta ba, ta ɗan kauce wajen taga. Na durƙusa na rungume ƙafafunta. Ta shafa kaina ta ce na rame, ba sa ba ni abinci ne a can?

Washegari na zazzage kayana na makaranta. Ledar rigar da Mama ta ba ni tana ƙasan jaka, ɗaurin da ta yi da hannunta yana nan yadda yake. Na kwance. Warin roba ya bugi hancina, da wani ɗan ƙanshi na man keke, nan take na ga Baba yana girgiza ruwa a zaure. Robar ta tsattsage a wuraren ninki, amma launin bai mutu ba. Na ɗauke ta na shiga kasuwar Sabon Gari, shago shago ina kara ta da kwalaben fenti, har wani mai shago ya ce, madam, wannan riga ta sarki ce? Na ce ta fi.

Mako uku na yi a tsakar gida ina zanen. Na san aikin banza nake yi, ba sai an gaya mini ba. Na dai kasa bari. Mama tana zaune a tabarma tana jin ƙarar burushi da warin fenti, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Na sa masa rigar har gwiwa, hular a ka, ruwa yana gangarowa. Launin ya danne komai a zanen kamar yadda malam ya ce zai yi. Ashe abin da ake nema ke nan tun farko.

Da ya bushe na kai mata na ɗora hannunta a kai. Ta bi shi da yatsu a hankali daga sama har ƙasa, inda fentin ya yi kauri ta tsaya ta dangwala.

"Kin sa masa?"

"Na sa, Mama. Har hular."

"Madalla."

Ta jima hannunta yana kan ƙirjinsa. Na buɗe baki zan ce ta yafe mini, sai ta riga ni.

"Auta, ruwan ɗorawar nan, yaya yake ma? Tun watan jiya nake nemansa a kaina ya ƙi zuwa. Ja yana zuwa, kore ma yana zuwa. Shi ne ya ɓace mini. Ke da kika karanta, gaya mini."

Ni da na rubuta kundi guda a kan launi. Na fara cewa launi ne mai ɗumi, mai jan ido, yana kusa da haske, sai na ji maganar ta yi mini ɗaci a baki na tsaya. Tana jira, ta karkato kunne. Na share fuska da bakin ɗankwali na matsa kusa da ita.

Na ce, "Mama, hadari ya haɗo, an tashi daga kamfani. Kin yafa buhu, muna ƙofar gida, ina riƙe da zaninki. Kekuna suna ta wucewa, baƙi, baƙi, baƙi. Kina ta leƙen hanyar kwalbati. Sai ga shi ya shawo kwanar mai injin niƙa."

Ta sauke ajiyar zuciya, irin waccan ta da, kafaɗunta suka sauka.

"Yauwa," ta ce. "Shi ne."

Ta lalubo hannuna ta riƙe, tana ɗan murmushi.

"Ashe kin sani."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ma da faɗan ta yi.